Hannun Papa Ebamba

Shekara uku muna maƙwabtaka da Papa Ebamba a garin Beni, ban taɓa ganin ya miƙa wa kowa hannu ba. Ka gaishe shi, ya sunkuyar da kai, hannuwa a aljihu. Matan unguwa suka ce girman kai ne. Ni ma har cikin raina ya ba ni haushi.

Sai da Ebola ta shigo mana a 2018, muka haɗu a ƙungiyar masu binne gawa, sannan na san labarinsa. Yana ɗan shekara takwas cutar ta faɗa ƙauyensu kusa da Yambuku, can nesa da nan. Uwarsa ta wanke gawar ƙanwarta, bayan kwana goma ta bi ta. A Kikwit kuma, 1995, ya rungumi gawar matarsa, ya kamu, ya tashi da ƙyar. 'Yarsu da ya goya ba ta tashi ba. Daga ranar ya daina taɓa mutane.

"Ku bar ido ya yi kuka," yake ce mana in muna saka safar hannu. "Hannu shi ne ɗan iskan."

Wata Laraba aka kira mu gidan Mama Kavugho mai sayar da ganyen rogo, ta rasu. Mun fesa magani, mun sa ta a jakar gawa, muna fitowa muka tarar an tare hanya. A gaba ɗanta ne, Katembo, ɗan acaɓa, riƙe da adda.

"Ku ajiye ta! An ce kuna cire zuciyar mutane ku cika jaka da duwatsu!"

Dutsen farko ya fasa gilashin motarmu. Na biyu ya tsinka wa direba kunne. Wani ya watsa fetur a taya. Ni dai ba zan yi ƙarya ba, na saki tankin feshi na faɗa bayan ayaba.

Papa Ebamba bai gudu ba. Ya durƙusa inda aka ajiye gawar, ya buɗe jakar daidai wuya.

"Ga uwarka, ɗana. Dutse ce? Duba ta ka ƙoshi. Amma kar ka taɓa."

"Kai tsohon banza, baƙo kake, za ka hana ni uwata?"

"Na taɓa tawa matar. Je Kikwit ka tambayi 'yata abin da ya biyo baya."

Katembo ya ga fuskar, ya rushe da kuka, ya kai hannun hagu zai shafa goshinta. Tsohon ya cafke wuyan hannun. Ya riƙe gam.

"Sake ni!"

"Ba zan sake ka ba."

Adda ta sauka a dantsen tsohon. Ya ƙi saki. Ta sake sauka a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Jini ya wanke farar rigar aikin. Ya kife a kan gawar, ya rufe fuskar da ƙirjinsa, har yanzu yatsunsa na damƙe da hannun Katembo. Sai da maza biyu suka ɓamɓare su. Masu jifa suka watse, kowa ya yi kamar ba ya wurin.

Kafin mu kai asibiti ya cika. Abin da Ebola ta kasa sau biyu, adda ta gama shi a minti ɗaya. Na yi kuka, kuma na tsani kaina saboda ayabar nan.

Katembo yana gidan yari yanzu, lafiyarsa lau, ko zazzaɓi bai yi ba. An ce yakan zauna yana kallon wuyan hannunsa.

Tunda raunin tsohon ya haɗu da gawar, dole muka sa shi a jaka. Ni ne mai zuge jakar. Hannunsa na dama ya faɗo waje, tafin a buɗe. Shekara uku ina jiran ya miƙo min shi. Na kama shi da safar hannu ninki biyu, na mayar ciki.