Ajuji

A ƙauyenmu na ƙasar Miga, lokacin da nake tasowa, Ajuji uku na sani. Suna ne na yaron da aka haifa bayan yayyensa sun yi ta mutuwa tun suna goye. Ranar da ya faɗo, tsohuwar gida takan kwantar da shi a kan juji, wata maƙwabciya ta zo ta tsince shi. Wai don abin da ke ɗauke 'ya'yan gidan ya zaci shara ce, ya wuce. Yanzu da wuya ka ji an kira yaro haka.

Ni da matata, 'ya'ya uku muka binne kafin a haifi namu Ajujin. Inna, mahaifiyata, ita ta kai shi juji da hannunta. An raɗa masa sunan yanka, amma ta hana kowa furta shi.

Yana shekara shida na samu aikin masinja a Dutse, muka kama haya a unguwar Takur. Sai na ji yaran unguwa suna ce masa ɗan bola. Ni da ɗan ilimina na firamare na ga abin camfi ne da ƙauyanci. Na ce daga yau sunan yanka za a kira shi. Matata ta roƙe ni in bari ya ƙara girma, na ƙi.

Ta ce, "Malam, shekara shida fa muna ɓoye shi."

Na fita tsakar gida na ƙwala masa kira da sunan, har sau uku.

Bayan mako guda, da rana tsaka, ya shigo ya tambaya ko ni na kira shi. Na ce a'a. Ya ce daga bayan katanga ne, inda ake zubar da shara, da sabon sunan, kuma muryar ƙananan yara ce. Na leƙa, ban ga kowa ba sai akuya. Washegari ma haka. Rana ta uku ya ce mini ya amsa.

Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi. A asibiti na durƙusa bakin gado ina ta kiran Ajuji, Ajuji. Bai juyo ba.

Malamai sun ce mini ajali ne, suna ba ya kisa, kuma na yarda. Matata ma har ta rasu ba ta ɗora mini laifi ba. Sai dai kullum da rana tsaka takan tsaya jikin katangar nan, ta karkata kai tana saurare. Yanzu ni nake tsayawa.