Cokalin tarakta a ƙofar taubashina

Taraktar ƙungiyarmu ƙarama ce, amma a garinmu wanda ke riƙe da makullinta har gaisuwar da ake yi mashi daban take. Ni ne na riƙe shi, kada kuma a tambaye ni cancanta. Lakwal ɗin da na yi, makarantar boko ke nan, bai wuce na san ƙofar shiga da tagar gudu ba. Ranar da anka kawo ta daga Konni mu biyu munka nemi tuƙin, ni da taubashina, ɗan kawuna. Shi ya daɗe yana bin tifa a Najeriya, ni kuwa amalanken shanu kaɗai na sani. Anka ba ni, wai don ba ni tafiya cin rani. Ya yi dariya ya ce ba komi, ai bawansa ne ya samu. Haka ƴaƴan kawu ke kiranmu mu ƴaƴan mace, wasa ne tun na kakanni. Sai dai ni tun ranar ban yarda da wannan dariya ba.

A gaban taraktar akwai hannuwa biyu na ƙarfe riƙe da babban abin kwasar ƙasa, cokali muke ce mashi. In za a shiga huɗa sai an cire shi, don nauyinsa na tura ƙafafun gaba cikin rairayi. Makaniken da ya rako ta sau ɗaya ya nuna mani. Ka kifa bakin cokalin ƙasa, ka sauke ƙafafun ƙarfe da zai tsaya a kansu, ka zare manyan ƙusoshi na dama da hagu, ka ja baya kaɗan, ka kashe inji, ka kaɗa sandar da ke sarrafa cokalin ta ko'ina, sannan ka cire tiyo huɗun da ke kai mai cikin hannuwan. Akwai rubutu a jikin kowane tiyo, ni da rubutun sai kallon juna. Na yage tsummoki kala-kala na ɗaure wa kowane, na ɗaure irinsa a inda yake shiga. Abin da ya fi ja mani kunne a kai shi ne wurin ajiya: sai ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, in ba haka ba ƙafafun su nutse, cokalin ya karkace.

Duk garinmu rairayi ne. Fako ɗaya gare mu, kuma a ƙofar gidan taubashina yake.

Can na kai shi da sanyin safiya, farkon damina. Na kafa mashi rumfa da zana sabuwa. Taubashi na zaune yana kallona.

"Ajiye, bawana. Ni ne mai gadi."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ana cikin huɗa anka yi wani ruwa mai nauyi, koramar da ta gangaro wajen Badaguishiri ta fasa datsin da ke kare gonakin fadama. Da hantsi shugaban ƙungiya ya same ni a gona, wandonsa duk laka. Mutum ne marar son dogon zance. Ya ce in maida cokali in kwaso jar ƙasa a toshe, don akwai alamar wani hadarin da marece.

"In ya gagare ka kafin la'asar, ka miƙa wa ɗan kawunka makulli. Shi ya san ƙarfe."

Ya faɗe ta kamar ba komi ba. Ni kuwa na riƙe ta. Wa ya ce mashi zai gagare ni? Da wa ya yi zance kafin ya zo?

Na iso fakon rana ta take, irin ranar bayan ruwa mai cizo. Abu na farko, babu zanata. Na hango ta can bisa garken awakin taubashi. Abu na biyu, bakin kowane tiyo an naɗe shi da ƴar fata an ɗaure da jan zare, kamar laya. Abu na uku, cikin cokalin ga gashin kaza ga ɓawon ƙwai. Shi kuwa yana inuwar bango yana dafa shayi, ƙafa bisa ƙafa.

"Wa ya ɗauke mani zana?"

"Ni. Mi bawa zai yi da sabuwar zana?"

"Wannan fatar fa?"

"Ƙasa nake hana ma shiga. Ka bar su baki buɗe kamar kai in kana barci."

"Gashin kazar?"

"Tambayi kazar."

Kowace amsa tana da kyau, kuma kyan nan nasu shi ya fi damuna. Wanda bai shirya komi ba ai ba ya samun amsa a bakin leɓe haka.

Na kwance fatun da tsinke, ban taɓa su da hannu ba. Na kawo tarakta a hankali tsakanin hannuwan, na kashe, na kaɗa sanda, na kamo tiyo mai jan tsumma na tura. Ya ƙi. Na tura da hannu biyu, ya ƙi. Na kamo mai shuɗi, shi ma haka. Abin da kullum yake shiga ƙyas kamar rufe kwaɗo, ran nan ya zama kamar ana tura shi daga ciki. Ƙarfen kuma zafi, sai da na naɗe hannu da rawani. Na sa gwiwa, na sa ƙirji, har wandona ya yage ta inda bai kamata ba.

"Zo ka sha shayi," in ji taubashi.

"Na ƙoshi."

"Ruwa fa?"

"Shi ma na ƙoshi."

Maƙoshina kamar an zuba toka, amma wanda ya ɗaure ƙarfe mi zai hana shi ɗaure mutum? Shugaba ya zo bisa babur, ya dube ni, ya dubi sama, ya dubi taubashi, ya tafi. Na ga sun haɗa ido, ko dai na ga kamar sun haɗa.

Bayan azahar na yanke shawara. Na je rijiya da kaina na ɗebo ruwa a moɗa, na tsuguna na karanta ƴan surorin da ke kaina, waɗanda ba su da yawa, na tofa. Na tashi zan yayyafa.

"Mi ke nan?" Taubashi ya taso.

"Abin da ka ɗaure nake kwancewa."

Ya dube ni tsawon lokaci. Leɓensa na rawa, ya danne.

"To ai ba haka ake yi ba. Moɗa ɗaya ta ciwon kai ce. Wannan ƙarfe ya fi raƙumi nauyi. Juye ta cikin randa, tofin ya game ruwan, a jiƙa buhunna a lulluɓe shi gaba ɗaya."

Na auna zancen. In shi ne ya yi, don mi zai koya mani magani? In kuma tarko ne, ai tofina na ciki. Ban ga ta inda zan faɗi ba. Ya shiga gida ya mirgino randar matarsa, ruwan sanyi ƙalau. Munka jiƙa buhunnan albasa munka rufe tiyo da hannuwan, muna ƙara kwarara ruwa. Har zanar ya je ya ɗauko ya maida, wai tofi ba ya son rana.

"Yanzu a jira. Ba ya son gaggawa kuma."

Munka zauna. Hadari ya fara haɗowa gabas, makullin na cikin aljihuna na dafe shi da hannu. Ya sake miƙo shayi. Na karɓa, amma sai da na ga ya kurɓa tukuna.

Da na tashi na kamo mai jan tsumma, ƙyas. Mai shuɗi, ƙyas. Sauran ma haka. Na tada inji, na taɓa sanda, hannuwan sunka sauka cikin mazauninsu, na zura ƙusoshi, na naɗe ƙafafun. Na dube shi daga bisa kujera.

"Ka gani? Na karya."

"Na gani, malam. A sa mu a addu'a."

Ana kiran la'asar ina juye jar ƙasa a bakin datsi. Ruwan ya zo ya tarar mun toshe. Shugaba bai sake zancen makulli ba, ni kuwa na yi kwanaki ina tafiya cikin gari kamar wanda anka naɗa.

Sai da kaka ta yi na je Konni sayen mai, na ba makaniken nan labari, har da tofin. Ya yi dariya har ya zauna bisa taya. Ya ce rana ce. Man da ya rage cikin tiyo in ya sha zafi kumbura yake, ya danne bakin daga ciki, in an sanyaya shi ya saki. Ya ce duk wanda ya taɓa bin tifa ya san wannan.

Duk hanyar komawa gida zancen nake juyawa. Ashe ya sani. To ya ɗauke zanar ne don rana ta yi aikinta makulli ya faɗo hannunsa, daga baya ya tuna uwata gwaggonsa ce? Ko awakinsa ne kawai ke son inuwa? Na same shi na tambaye shi ido da ido.

"Mi zan yi da makulli," ya ce, "ga ni da bawa mai tuƙa mani? Gobe ka zo ka kwashe mani taki."

Na je na kwashe, kuma kowace shekara takinsa ne farko. Har yau a ƙofarsa nake ajiye cokalin, don fako bai ƙaru ba. Sai dai zanar da waya nake ɗaure ta yanzu, kuma in na zo maidawa da asuba nake zuwa, ba ni kuma gaya mashi ranar.