Ranar Da Na Ajiye Ɗana Kan Juji

Ni mutum ne mai saurin fushi da saurin dariya, kuma ko wanne ya ja mani abin da ya ja mani. Amma dariyar ce har yau ba ta bar ni na huta ba.

Zamanin Faransa, da na fito lakwal, makarantar Nasara, a Maraɗi, sai aka turo ni Dakoro ina magatakarda a biro, wato ofishin kwamanda. Babban aikina ƙidayar mutane. Mu hau dawaki ni da gardi biyu, dogaran kwamanda, mu bi ƙauyuka, a shimfiɗa mani tabarma gindin gawo, maigari ya tara jama'a, ni kuma in buɗe kundi. Nasara ya ce kowane mutum sai da suna biyu, nashi da na ubanshi. To nan ake yin ta. Wane ɗan halak ne zai buɗe baki gaban jama'a ya kama sunan ubanshi na yanka? Sai mutum ya sunkuyar da kai ya ba ka laƙabin da gari ke kiran tsohon da shi. Kai kuma ka jera su layi guda ka ga abin da Allah ya haɗa.

A Bader Gula na rubuta Mantau Tunau. Can kuma na samu Auta Babba, da wani Bawa Sarki wanda ko rigar kirki ba shi da ita. Wajen Azagor wani zabgegen mutum, sai da ya duƙa kafin ya shiga rumfa, ya ce mani shi ne Guntau Dogo. Har wani ɗan littafi na ware ina tara irin waɗannan, in la'asar ta yi in karanta ma abokai wurin shan shayi mu yi ta kwasar dariya. Shi kanshi kwamanda yakan ce in fassara mashi, ya yi ta bugun tebur. Ni kuwa kaina ya yi ta kumbura, ina ganin na fi ƴan ƙauye wayewa.

Wata rana a wani ƙauye kusa da Ɗan Gulbi, wani magidanci ya zo da ɗanshi saɓe a kafaɗa. Na tambayi sunan yaron, ya ce Ajuji. Na ce kai fa? Ya ce Abarshi. Na rubuta Ajuji Abarshi, na dube shi, dariya ta ƙwace mani har alƙalami ya faɗi. Na ce, "Kai bawan Allah, gidanku babu wanda ake so ne? Uba a bar shi, ɗa a kai juji?"

Mutane suka yi dariya, don in magatakardan Nasara ya yi dariya dole kowa ya yi. Sai wata ƴar tsohuwa, uwar magidancin, ta miƙe daga cikin mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, shida na ba ƙasa kafin wannan da kake ma dariya. Dukkansu sunaye masu kyau gare su."

Raina ya ɓaci. Na ce ma gardi ya zaunar da ita, ya kuwa zaunar da ita.

Ba wai ban san al'adar ba. Macen da ƴaƴanta ke mutuwa, wadda ake ce ma wabi, in ta sake haihuwa sai a ɓoye sunan yanka, a laƙaba ma jaririn sunan wulaƙanci. Wasu har kan juji suke ajiye shi wata ta tsinto, wai don mutuwa ta ga abin banza ne ta wuce. Na sani sarai. Jahilci na ɗauke shi, kuma lokacin mai ɗakina na da cikin fari, ban san komai ba tukuna.

Na farkon namiji ne, ya tafi yana haƙori. Ta biyu ƙyanda ta ɗauke ta tana tatata. Na uku ko zama bai fara ba, zazzaɓin damina ya yi kwana biyu da shi. Kowannensu na zaɓa mashi suna mai nauyi, na yanka rago, na rubuta a kundi da hannuna. Kuma da hannuna na ja layi a kan ukun. Ranar da na ukun ya tafi, na fito biro na iske mata bakin rijiya sun yi shiru da suka gan ni. A nan na gane sun fara kiran mai ɗakina wabi.

Da ta haifi na huɗu, Inna mahaifiyata ta kira ni ɗakinta kafin ranar suna. Ta ce, "Ka bari a yi mashi abin da ake yi." Na tashi da faɗa. Na ce ni da karatuna, ni da kowa ya san ni a bariki, a ce ɗana Ajuji? In kai wannan suna gaban kwamanda in fassara mashi da bakina? Inna ta ce, "To." Abu guda ta yi a bayana, ta roƙi liman ya raɗa sunan a kunnen yaron kada a yi shela. Na yi fushi da wannan ma, kwana uku ban gaishe ta ba.

Yana wata biyu gudawa ta kama shi. Maɗigarshi ta faɗa, idanun suka zurma. Na kai shi wurin likitan bariki, ya duba, ya ba da magani, ya ce a yi ta ɗura mashi dafaffen ruwa da cokali. Mutumin kirki ne, ya yi iyakar yinshi, amma na ga yadda ya kawar da kai lokacin da yake miƙo mani kwalbar. Na san wannan kawar da kai, sau uku ina ganin ta. Rana ta uku yaron ya daina kuka. Baki kawai yake buɗewa, sauti ba ya fita.

Mai ɗakina ba mai yawan magana ba ce. Ranar ta riƙe mani gefen riga ta ce, "Malam, in wannan ya tafi, ka maida ni gidanmu. Ba zan iya sake wanke zanen goyo in ninke ba." Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na je wurin Inna na durƙusa, ni mai faɗa, na ce ta gaya mani abin da zan yi.

Ta ce ba kowace mace ke tsintuwa ba, sai wadda ta taɓa yi ya riƙu a hannunta. Akwai wata mai daddawa da ke zuwa kasuwa daga wajen Ɗan Gulbi, kuma ranar kasuwa ce. Na fita ko hula babu. Na bi rumfunan mata ina tambaya har aka nuna mani ita. Ita ce. Ta ƙara tsufa, amma ita ce, tsohuwar da na sa gardi ya zaunar.

Ta gane ni tun kafin in tsuguna. Na ce, "Iya, ɗana ne." Ta dube ni ta ce, "Nawa ka binne?" Na ce uku. Ta rufe ƙwaryar daddawarta da faifai, ta ce ma maƙwabciyarta ta duba mata, ta ce mu je. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Akwai juji bayan gidanmu inda ake zubar da toka da kashin awaki. Rana tsaka, mutane na dawowa daga kasuwa, tsohuwar ta ce ni zan ɗauko shi, ba uwar ba. Na ɗauko shi cikin tsumma, ba shi da nauyin ko ƴar kaza. Na ajiye shi kan toka. Ta ce in juya baya in tafi. Na yi taku biyar na tsaya. Ina jin kaji na tono kusa da shi.

Sai na ji muryarta da ƙarfi yadda duk unguwa za ta ji. "Wa ya yar da wannan?" Ta sake cewa, "Malam, kai nake tambaya. Naka ne?"

Na san mutuwa ba ta ruɗuwa. Liman ya faɗa, ni ma na karanta. Amma na buɗe baki gaban maƙwabta da masu wucewa na ce, "Ba nawa ba ne."

"Kana son shi?"

Wallahi ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda nake son abin da ke kwance kan tokar nan ba. Na ce, "Ba na so."

Ta ce, "To ni na tsinta." Ta ɗauke shi ta karkaɗe, ta shiga gida ta miƙa ma uwar ta ce, "Ga Ajuji, riƙa mani." Ta tsuguna ta karɓi cokalin likita ta ci gaba da ɗura mashi ruwa da kanta har la'asar, sannan ta koma ma daddawarta. Ko goro ta ƙi karɓa.

Washegari na je biro na buɗe kundi. Dama ban rubuta shi ba tun ranar suna. Na rubuta Ajuji, na bi shi da sunana. Akwai wani sabon magatakarda da aka turo mana, ɗan lakwal mai ji da kanshi kamar yadda nake da. Ya leƙo ya karanta, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Wane ne wannan kuma ya yi maka takwara ya haifi juji?"

Da can da na mare shi. Na ce, "Sake karantawa." Ya sake. Na ce, "Da ƙarfi." Ya karanta da ƙarfi, gardawan da ke bakin ƙofa suka taya shi dariya. So nake kowa ya yi, har mutuwar da nake tsoro ta ji cewa wannan ba abin ɗauka ba ne. Azahar na yi na ruga gida, na iske shi yana tsotson nono a hankali.

Ko ruwan likita ne, ko hannun tsohuwa, ko kwananshi ne ke gaba, Allah ya bar ma kanshi sani. Littafin sunayen nan dai na sa shi murhu. Yau Ajuji har furfura gare shi, kuma ya sha tambayata sunanshi na yanka. Mu huɗu muka san shi. Liman ya rasu, Inna ta rasu, uwarshi ma ta rasu. Saura ni, kuma ko a wannan takarda ba zan rubuta shi ba.