Ranar da Na Kira Sunansa

Shekarun baya, ina zaune a Woodbridge, can ƙasar waje, gidan ɗana na fari, aiki ya kai shi teku wata bakwai. Hafsan sojan ruwa ne, a jirgi mai saukar ungulu, shi ke duba na'ura ya gaya wa matuƙi inda za a bi. Yaron da ya taɓa ɓata tsakanin gidanmu da kasuwar unguwa a Kano, wai shi ke nuna hanya a sama.

A tashinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa gaban mutane. Na riƙe wannan gam. In ya bugo waya, sai in ce wa matarsa ta gaida wancan, in shige kicin. Amma jirgi bai taɓa wucewa ta saman gidan ban fito ƙofa ba, kuma nan wuni suke suna wucewa. Matarsa ta ce ba irin nasa ba ne, in ce shanya na fito dubawa. Wace shanya, inji ke busar mana da kaya.

Wata Talata talabijin ya ce wani jirginsu ya faɗa ruwa, ba a faɗi sunaye ba. Matarsa ta yi mini bayani: in haka ta faru rufe layin wayar duk sojojin ake yi, sai an tura sojoji cikin kaki sun ƙwanƙwasa ƙofar iyalan wanda ya rasu.

Kwana uku ina kai da kawo tsakanin taga da sallaya. Ko motar mai wasiƙa ta tsaya sai na leƙa in ga ko masu kaki ne. Ban tambayi kowa komai ba, faɗa kawai nake: miya ta yi gishiri, an bar takalma a hanya.

Ran Juma'a da hantsi wayar falo ta yi ƙara. Duk da ciwon gwiwa na riga matarsa. Ina jin sallamarsa na kira sunansa, na yanka, har sau biyu.

Ya ce, "Hajiya, ashe kin san shi?"

Na ce, "Rufe mini baki. Ka ci abinci?"

Yanzu ya bar aikin, har da furfura. Ban sake kiran sunan ba, ya dai ji. Amma an ƙwanƙwasa ƙofar wata uwa a makon nan, kuma har yau ina sa ta a addu'a. Ban sani ba ko ita ta samu ta kira nata.