Babur ɗin da na tayar ya harbi mahaifina

Assalamu alaikum. A shekarun farko na mulkin soja, lokacin da man fetur ya koma sai da kati da dogon layi, ni makaniken babur ne a unguwar masu gyara ta Umdurman. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma a wurin aiki ba na wasa. Ina son komai ya zo a jere: a kwance, a wanke, a duba, sannan a ɗaura. Abokan aiki suna kirana Usta, wato gwanin sana'a, rabi girmamawa rabi tsokana, suna cewa ko shayi zan sha sai na jera kofi da cokali kamar kayan aiki. Ban yi aure ba a lokacin, ina zaune a gidanmu a unguwar Kalakla da ke hayin kogi, kuma ni ne ɗan fari. A gidanmu ana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. In yana da magana da ni, ƙanwata yake faɗa wa, ko da ina zaune a wurin, ya ce a gaya wa wancan. Ni ma ta bakinta nake mayar da amsa. Haka na tashi, kuma ban taɓa ganin aibin hakan ba.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a gonakin Jazira. Ya fara da cirar auduga, daga baya ya zama mai gadin ruwa, yana buɗe ƙofofin magudanai yana rufewa. A wannan aikin ya sayi wani tsohon babur ƙirar Ingila, mai fistin ɗaya ƙato, wanda ake jin ƙararsa tun daga ƙauyen gaba. Da muka dawo birni ina yaro, babur ɗin ya mutu, aka tura shi ɗakin ajiya aka rufe da buhuna. Baba ya koma sayar da igiya da tabarmi a kasuwar Umdurman, kullum sai ya yi kokawar shiga mota da samari. Wata rana da yamma ya dawo da jallabiyarsa a yage, an ture shi a ƙofar mota har ya faɗi. Bai yi ƙorafi ba. Bayan sallar magariba ya ce wa ƙanwata ta tambayi wancan, ƙarfen nan da ke ɗaki mutuwa ya yi ko barci yake yi. Na ce ta gaya masa barci ne.

Na ɗauke shi a amalanke zuwa wurin aikina, na bi shi daki-daki. Na fara da tanki, na kankare tsatsa. Na wanke kabureta, na sauya ringi, na yanka sababbin gasket da hannuna, na jiƙa sarƙa a baƙin mai har ta saki. Abu ɗaya ne ya ƙi, wato maganeto, abin da ke ba fulogi wuta. Ya mutu murus, sabo kuwa babu shi a ƙasar a wancan zamani. Na yi ta yawo wurin masu gwangwan har na samu wani a jikin gawar wani babur ɗin Ingila. Ya zauna daram kamar don shi aka yi. Na jefa tsohon a buhu ban ƙara waiwayarsa ba.

Dole in bayyana yadda ake tayar da irin wannan babur, don duk labarin a nan yake. Za ka buɗe mai, ka danna kabureta har mai ya ɗigo, ka taka kik a hankali har ka ji ya yi tauri, ka ɗan wuce wurin. Sannan akwai wata 'yar liba a hannun hagu wadda ake motsawa da babban yatsa. Ita ke sa wuta ta zo da wuri ko ta jinkirta. Kafin ka buga kik sai ka jinkirta wutar, sannan ka sauko da dukan nauyinka. In ka bar ta ta zo da wuri, inji zai juya baya, kik ya dawo maka kamar harbin jaki. A yadda na ɗaura shi, in ka jawo libar wajenka ne wuta take jinkirta. Haka na yi, ya tashi. Na tayar da shi sau ba adadi, na haye gadar kogi da shi na dawo, bai taɓa yi mini gardama ba.

Ranar wata Juma'a da hantsi na kawo shi ƙofar gida. Maƙwabta suka fito, yara suka kewaye shi. Baba ya fito da farar jallabiya, ya zaga shi yana shafa tanki. Zuciyata ta ce in matsa in nuna masa jerin yadda nake yi. Amma ta yaya ɗan fari zai tsaya a gaban jama'a yana koya wa ubansa abin da ya hau tun ɗan bai iya tafiya ba? Sai na koma jikin bango, bayansa kawai nake gani. Ya buɗe mai, ya danna kabureta, ya lalubi kik kamar jiya ya sauka daga kai. Ya tashi sama ya sauko. Na ji wata ƙara, sai na ga Baba a ƙasa, babur a kansa, ƙafarsa ta dama tana kallon inda bai kamata ba. Maɗori ya ce karaya ce a idon sawu, ya ɗora, ya ɗaure da kara.

Daga nan na shiga ruɗanin da ban taɓa shiga ba. A yammacin ranar na taka babur ɗin, bugu ɗaya ya tashi. Washegari na kwance shi gaba ɗaya, na auna lokacin wuta, daidai yake. Na zargi man, domin a lokacin ana gauraya shi da kananzir, na zubar na samo wani. Babu bambanci. Mahaifiyata ta ce abin da ya daɗe a ɗaki mai duhu ba ya rasa masu zama a ciki, ta sa aka yi masa turare. Kawuna ya ce bakin mutane ne, wa ya ce mu fito da shi a bainar jama'a. A wurin aiki kuwa sai tsokana, wai Usta ya gyara jakin da ya san mai ba shi dusa, ya manta mai shi. Na san abu ɗaya ne ke sa irin wannan harbi, wato wuta da wuri. Na aika ƙanwata ta tambayi Baba ko ya tuna da libar. Ya ce ta gaya wa wancan, ya yi komai yadda ya saba, libar ma bai manta ba. To ko dai ƙarfe ne ke ƙarya ko Baba ne ya ruɗe, kuma na kasa yarda da ko ɗaya.

Baba shi ya zaɓa wa kansa. Da ya ji babur ɗin yana tashi a hannuna kullum, sai ya yanke cewa kansa ne ya fara taɓuwa. Ƙashi ya haɗe, maɗori ya kwance kara, ya ce ya fara takawa, Baba ya ƙi. Ya kwanta a gadon igiyarsa a rumfa, ya bar shagonsa a rufe. Ya fara tambayar ƙanwata ko ya yi la'asar, alhali a gabanta ya yi. In aka kawo masa shawarar gida sai ya ce a tambayi masu hankali. Mutum ne da ba a taɓa gyara masa lissafin ruwan gona ba, ga shi yana narkewa muna kallo. Ni kuwa kullum ina kwance inji ina ɗaurawa, ina neman laifin da ban ga alamarsa ba. Har na fara fatan in samu kuskure a aikina, ni da na tsani kuskure.

Ana haka sai wani tsohon abokinsa na Jazira ya zo dubiya. Abokin wasansa ne, ba ya raga masa. Tun daga ƙofa ya fara, wai ina tsohon da jakin ƙarfe ya kayar, ya dawo gona akwai jakai na gaskiya masu tausayin tsofaffi. Ya ce dama can Baba bai iya hawa ba, mutanen ƙauye ne ke tura shi. Baba ya harzuƙa, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Ya tashi zaune, ya ce kai da ko keke ba ka iya ba, tsaya ka gani. Ya miƙa hannuwansa a iska kamar ya riƙe babur, ya buɗe mai, ya danna kabureta, ya lalubi kik da ƙafarsa mai lafiya. Ina bakin rumfa ina zuba musu gahawa. Sai na ga babban yatsansa na hagu ya tura libar waje, nesa da jikinsa. Abokin ya yi dariya ya ce ƙwarai haka yake yi tun da can, kamar mai korar ƙuda. Na ajiye butar, na tafi na zazzage buhun nan. Na ɗora tsohon maganeto kusa da sabon. A tsohon, wayar libar ta gefe ɗaya take shiga, a sabon ta ɗaya gefen. Abin da ke jinkirta wuta a wancan, shi ke kawo ta da wuri a wannan. Baba bai manta komai ba. Hannunsa ya yi daidai, a kan babur ɗin da na sauya ban sani ba.

Na aika ƙanwata da bayani, ta je ta ce wai wuta ce ta koma baya, ya ce ta rabu da shi. Sai na ciro sabon maganeton, na haɗa da tsohon, na shiga rumfa na durƙusa, na ajiye su a gabansa. Ranar na fara yi wa mahaifina magana baki da baki. Na bi masa abin a jere. Bai dube ni ba, ƙarafan yake dubawa, yana juya su, yana jan waya yana saki. Can ya ƙwala wa ƙanwata kira. Da ta zo ya ce ta gaya wa wancan aikinsa ya yi tsabta, tambaya ce kawai bai yi ba. Sannan ya ce ta miƙo masa sandarsa. Ya koma kasuwa, amma da ɗingishi ya ƙarasa rayuwarsa, kuma bai sake buga kik ba. Ni nake goya shi a bayan babur ɗin kowace safiya.

Har yau ban gama raba abin a raina ba. Na bi tsari ban tsallake komai ba, shi ma ya bi nasa, duk da haka ƙafa ta karye. Wani lokaci in ga laifin ƙarfen gwangwan, wani lokaci in ga nawa, wani lokaci in rasa wa zan kama. Abin da na tabbatar shi nake gaya wa 'yan'uwana masu gyara. In kun tayar da tsohon inji kun sauya masa wani abu, kada ku miƙa wa mai shi sai ya nuna muku da hannunsa yadda ya saba tayarwa, ku kuma ku tsaya a gabansa ku kalli yatsunsa, ba bayansa ba. Masu kunyar iyaye kuwa, ban ce ku bari ba, tarbiyya ce. Amma inda jiki zai iya salwanta, ku buɗe baki. Nauyin maganar da na ji tsoron yi a ƙofar gida ranar Juma'ar nan bai kai na minti ɗaya ba, Baba kuwa ya ja ƙafarsa har kabari. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana.