Mama Salomi Za Ta Bar Mana Sabon Gari

Kafin 'yan kasuwar Sabon Gari su buɗe rumfuna, Mama Salomi ta riga ta share majami'armu, ta durƙusa a kusurwa tana ambaton sunayenmu ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji. Daga nan ta wuce rumfarta ta kayan miya. Ba fasto ba ce, ba ta taɓa yin wa'azi ba. Amma duk wanda ƙafarsa ta fara zamewa a ikilisiyar nan, ita take fara lura. Ba ta aike, da kanta za ka gan ta a ƙofarka.

Yanzu ciwon gwiwa ya ci ƙarfinta, 'ya'yanta sun ce ta koma gida Zariya. Tun da muka ji hankalinmu bai kwanta ba, musamman saboda Linda.

Linda 'yar ƙungiyar mawaƙanmu ce, tana sayar da atamfa a wajen shataletalen Bata. Ta sha samun ciki yana zubewa. Da ta samu wannan na yanzu, wata mata ta shigo shagonta ta ce mata jifa aka yi mata, ta ja ta wurin wani boka. Ya ba ta ƙulli ta ɗaura a ƙugu, da sharaɗin kada ta taka majami'a, kada ta ambaci sunan Yesu sai ta haihu. In ta saɓa, cikin zai bi 'yan uwansa.

Fausat, maƙwabciyar shagonta, Musulma ce, ita ta je ta sami Mama. Ta ce, "Mama, ki zo ki duba 'yarki. Da kullum tana rera waƙoƙin cocinku, yanzu shiru, ga rama."

Da rana tsaka Mama ta rufe rumfa ta bi ta, tana ɗingishi. Fausat ta ce da Linda ta gan su sai ta fashe da kuka, ta faɗi komai, ta ce, "Mama, na yi addu'a, na yi azumi, me na samu? Tsoro nake ji!"

Mama ta riƙe hannunta ta ce, "Ni ma na binne ɗa, 'yata. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Amma wanda ya hana ki kiran Yesu ba cikinki yake tsaro ba, so yake ya raba ki da Mai tsaronki. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ina nan."

Ta zauna har yamma. Sannan Linda ta kwance ƙullin. Washegari Mama ta raka ta asibiti aka fara mata awo.

Har yau Linda ba ta haihu ba. Matar nan da ta kai ta wurin boka kuma takan gifta ta ƙofar shagon ta ce, "Za ki gani." Shi ya sa kullum Mama take biyawa su karanta Zabura tare, har zuciyar Linda ta kwanta.

Mama Salomi, uwar masu rauni, ke ce kika koya mana cewa Shaiɗan ba da ƙaho yake zuwa ba, yakan zo ne da muryar mai tausayi a ranar da muka gaji da jira. Mun gode, Mama. Ubangiji ya sauƙaƙa miki ciwon nan, ya sāka miki.

Ranar Lahadi da Zumuntar Mata ta tambayi Mama irin kyautar da take so, cewa ta yi, "Wa zai riƙa zuwa wurin Linda?" Can sai Adaugo, mai ɗinki, ta ɗaga hannu, ta ce ita ba ta iya addu'a kamar Mama ba, amma za ta je.

'Yan uwa, Adaugo kaɗai ba za ta iya ba. Ku duba bencinku ranar Lahadi, ku ga wurin wa ya zama wayam. Kada ku jira fasto. Ku tashi ku je.