Akwatunan da Na Haɗa wa Musabaƙa

Shekara goma sha biyu ina riƙe da sautin musabaƙar Alƙur'ani ta makarantun Islamiyya a nan Jibiya, kuma Asabar ɗin da aikin ya kuɓuce mini, a watan Sha'aban, ba ta taɓa barin raina ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya, gara ku ji daga bakina, kada a ba ku labarin a tasha an ƙara masa gishiri.

A lokacin duk garin Injiniya ake ce mini. Sai ga wani mutumin Maraɗi, Mushe Isufu, wato Malam Isufu a Faransancin Nijar, ya buɗe shago daura da nawa, ya rataye takardar makarantarsa a bango. Tun daga ranar na tsane shi, kuma bai yi mini komai ba. Laifinsa kawai direbobi sun fara cewa hannunsa na da kyau.

A shekarar na ƙuduri aniyar nuna wa kowa iyakarsa, na haɗa sababbin akwatuna biyu. Kowanne na sa masa wufa biyu, wato manyan lasifikoki masu ɗaukar kaurin murya, da tuwita ɗaya mai ɗaukar siririn sauti. A tsakaninsu akwai ɗan allo da muke kira kurosoba, shi ke raba wa kowacce rabonta. Kwayil ɗinsa da hannuna na naɗa, na sa masa ƙaton kwandansa don sautin ya fito tangaran. Abin lura a nan shi ne om, wato turjiyar da akwati ke yi wa wutar amfilifaya. Idan om ya yi ƙasa sosai, amfilifaya kan ja wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi, ta kashe kanta.

Ana saura kwana biyu, ina gwaji a ƙofar shago, direbobi sun kewaye ni suna yabo, sai Mushe ya tsallako. Ya leƙa allon, ya ce, "Injiniya, kwandansanga ya yi girma, kuma ka gama wufa biyu kai da kai. In murya ta hau sama, om ɗinka zai hwaɗi ƙasa da biyu."

Na ɗora mita na nuna masa. "Mi ka gani nan? Ba kusan huɗu ba?"

"Mita na auna akwati yana kwance," in ji shi. "In sauti ya shiga, lissahin ya sake."

Wallahi a zuciyata na ji maganar ta zauna. Da mu biyu ne, da wataƙila na tambaye shi. Amma a gaban direbobi? Na ce masa tun yana lakwal, makarantar bokonsu, yana koyon a da ba nake harhaɗa akwati. Aka kwashe da dariya, ya koma shagonsa, ni kuwa na ji daɗi har raina.

Ranar musabaƙa maza suka fara, sauti lafiya lau, ina ta waiwaye ko Mushe na ji. Bayan azahar aka kira 'yan mata. Wata yarinya daga Daddara ta zauna, muryarta siririya mai ƙarfi. Tana jan maddi sai jar fitilar amfilifaya ta kama, fili ya yi tsit. Na kashe na kunna. Ta sake ɗauka, ta zo wurin nan dai, sauti ya sake ɗaukewa. A karo na uku yarinyar ta rikice, ta sunkuyar da kai.

Shugaban kwamiti, Malam Lawal, ya taso. "Injiniya, mi ya hwaru?"

Na ce janareta ne.

Ya dubi fankokin da ke juyawa a rumfar alƙalai, ya aika a kira Mushe.

Ina tsaye ya kwance akwatunana. Ya sake wa wufa biyun haɗi, wuta ta bi ta ɗaya ta shiga ɗayar, om ya tashi. Ya cire ƙaton kwandansan ya sa ƙarami, ya ƙara razisto mai rage ƙarfin wuta kafin tuwita. Ƙarar ta ɗan ragu, amma yarinyar ta karance shafinta ba tare da fitilar ta ko ƙifta ba. Ni kuma ina riƙe masa sukudireba kamar ɗan kallo.

Abin da ya fi ƙona ni ya zo daga baya. Malam Lawal na yi masa godiya, sai ya ce, "Malam, aikin Injiniya ne. Dubi naɗin kwayil ɗin nan, ni ban iya shi haka. Waya biyu kawai na juya." Da zagina ya yi, da na san abin da zan yi da shi. Ya ƙwace mini fili, kuma ya haɗa da kirki. Da shekara ta zagayo, shi kwamiti ya kira.

Bayan waccan Asabar, wata guda ban gaishe shi ba. A cikin watan nan na bi duk waɗanda na taɓa sayar wa akwati, har garin Riko, na ce musu dubawa ce ta kyauta, na gyara su irin yadda na ga ya yi.

Abin da na koya biyu ne. Kada ku yarda da lambar mita ita kaɗai. Ku gwada akwati da irin muryar da zai ɗauka, ku taɓa amfilifaya ku ji zafinta. Na biyu, mu masu sana'ar hannu mun fi ƙin gyara idan ya fito daga bakin wanda muke jin haushi, alhali sau da yawa shi ne ya fi kowa zuba wa aikinmu ido.

Yanzu muna gaisawa da Mushe, har shayi mukan sha tare. Amma kada ku ɗauka na warke. Duk shekara nakan je musabaƙar, in tsaya can baya kusa da akwatunansa, in kasa kunne ina neman inda sautin zai karye. Shekara shida ke nan ina zuwa, ban samu ba.